Jirgi ya makara har muka rasa ɗaurin aure a Hamburg: akwai diyya, ko sai haƙuri?

Assalamu alaikum. Ni 'yar kasuwa ce a Kumasi, a Aboabo nake zaune. Wata biyu da suka wuce muka yi tafiya zuwa Hamburg ta Jamus, ni da mahaifiyata da ɗana mai shekara shida, domin ɗaurin auren ƙanena. Ejan ne ya yankar mana tikiti daga Accra zuwa wani birni na Turai, daga nan mu canza jirgi, kuma kamfanin na Turai ne. Jirgin da zai tashi ƙarfe goma na dare bai tashi ba sai bayan uku na asuba, suka ce wata na'ura ce ta lalace. Muka rasa jirgi na biyu. Maimakon mu sauka Hamburg ƙarfe sha ɗaya na safiyar Juma'a, sai tara na dare, an riga an ɗaura aure an watse. Abinci ma da kuɗina na saya mana. Yanzu sun aiko mini imel cewa za su ba kowannenmu baucar Yuro 150 ta sayen wani tikiti. Ejan ya ce in karɓa, wai dokar diyya ta Turawa ce kaɗai. Kawuna kuma ya ce ƙaddara ce, in bar zancen. Me ya kamata in yi?

'Yar'uwarku daga Aboabo

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya alheri a auren, ya ba su zaman lafiya. Ki gaishe mana da Mama, don kwana a kan kujerar filin jirgi ba ƙaramar wahala ba ce ga dattijuwa.

Bisa yadda kika kwatanta, kuna bin kamfanin nan Yuro 600 kowannenku, ke da Mama da yaron. Jimla Yuro 1,800 ke nan, tsabar kuɗi, ban da abin da kika kashe wajen abinci. Don haka kafin komai, kada ki danna wurin amincewa a imel ɗin baucar nan, kada kuma ki bari ejan ya danna a madadinki. Mafi yawan irin wannan tayi na ɗauke da jimla ɗaya a ƙasa, da ƙananan haruffa, mai cewa wanda ya karɓa ya yarda an gama magana. Dokar ta ce a biya diyya da kuɗi hannu ko ta banki ko da cak, ba a ba fasinja bauca sai idan shi ya yarda a rubuce. Bauca kuma tana da wa'adi, yawanci shekara ɗaya, kuma a kamfaninsu kaɗai take aiki. Idan Mama ba ta sake tafiya ba cikin wa'adin, tata ta tafi a banza.

Maganar ejan ba haka take ba. Dokar da ake magana a kai ita ce ta Tarayyar Turai mai lamba 261 ta shekarar 2004, wadda ta fara aiki a watan Fabrairun 2005, kuma ba ta duba launin fasfo ko inda aka sayi tikiti. Abu biyu take dubawa: daga ina jirgin ya tashi, kuma kamfanin wace ƙasa ne. Duk jirgin da ya tashi daga filin jirgi na ƙasar Tarayyar Turai yana ƙarƙashinta, ko na wane kamfani ne a duniya. Wanda kuma ya taso daga waje, kamar Accra, zai shiga Tarayyar, sai idan kamfanin na ƙasar Tarayyar ne. Ku kun faɗa cikin kashi na biyu. Da a ce ta Istanbul ko Addis Ababa ko Kasablanka kuka bi da kamfanonin can, to a tafiyarku babu wannan diyya, sai a dawowa daga Hamburg, tunda a nan jirgin daga Turai ya taso. Wannan bambancin ne ke rikita mutane da yawa a Zango: mutum biyu su makara rana ɗaya, ɗaya ya samu kuɗi ɗaya ya rasa, a ce son kai aka yi, alhali tikitin ne ba iri ɗaya ba.

Yawan kuɗin ya danganta da nisan tafiya. Yuro 250 ne idan ba ta wuce kilomita 1,500 ba, Yuro 400 tsakanin 1,500 da 3,500, sai Yuro 600 idan ta haura 3,500. Ana aunawa ne a miƙe daga inda aka fara tashi zuwa inda tikitin ya ƙare, kuma daga Accra zuwa Hamburg ya haura kilomita 5,000. A doguwar tafiya irin taku akwai sharaɗi guda: idan jinkirin ya kai awa uku amma bai cika huɗu ba, kamfani na iya biyan rabi, wato Yuro 300. Naku awa goma ne, saboda haka babu zancen rabi. Kuɗin tikiti ba ya shiga lissafi, ko a araha kika saya diyyar ba ta raguwa. Yaron da aka saya wa kujera yana da cikakken kasonsa kamar babba, jaririn da aka goya kyauta ne ba shi da shi. Kuma haƙƙin na wanda ya yi tafiyar ne: ko ƙanenki ne ya biya tikitin, sunanku ne a kai, ku za a biya.

Inda ya kamata ki natsu sosai shi ne yadda ake ƙirga jinkirin, domin a nan kamfanoni suka fi samun kafa. Ba lokacin tashi ake dubawa ba, lokacin isa ake dubawa, kuma isa wurin ƙarshe. Asalin rubutun dokar bai ambaci diyyar jinkiri a fili ba, ya fi magana a kan soke tafiya da hana fasinja shiga jirgi. Kotun Tarayyar Turai da ke Luxembourg ce ta yanke a 2009, a shari'ar da aka sani da Sturgeon, cewa wanda ya isa da jinkirin awa uku ko fiye ya yi asarar lokaci daidai da wanda aka soke wa tafiya, don haka a biya shi. A 2013 kotun ta ƙara da cewa idan tikiti ɗaya ne mai canjin jirgi, jinkirin wurin ƙarshe ne abin lura, ko da jirgin farko minti arba'in kawai ya makara, muddin shi ya sa aka rasa na biyu. A 2014 kuma ta fayyace mece ce isa: ba lokacin da tayar jirgi ta taɓa ƙasa ba, sai lokacin da aka buɗe ƙofa aka ba fasinja damar fita. A waccan shari'ar jirgin ya sauka da jinkirin awa biyu da minti 58, ya isa wurin tsayawa da awa uku da minti uku. Minti biyar ɗin nan su suka raba mai diyya da marar diyya. Shi ya sa muke ce wa matafiya su duba agogo lokacin da aka buɗe ƙofa, su aika wa wani saƙon WhatsApp nan take, saƙon zai riƙe musu lokacin.

Ki ɗauko takardar tikitinku ki duba abu biyu. Na farko lambar bukin, haruffa da lambobi shida ɗin nan da ke sama. Idan lamba ɗaya ce ta haɗa jiragen biyu, kin tsaya da ƙafarki. Wasu ejan-ejan, don neman araha, sukan sayi tikiti biyu daban su buga a takarda ɗaya, fasinja bai sani ba sai ranar da matsala ta faru kamfani ya ce jirgi na biyu ba ruwansa. A naku, tunda kamfanin ya sa ku a wani jirgi ba tare da ya karɓi ƙarin kuɗi ba, alama ce mai ƙarfi cewa bukin ɗaya ne. Ko da biyu ne ma, jirgin farko shi kaɗai ya makara sama da awa biyar a tafiyar da ta haura kilomita 3,500, to Yuro 600 ɗin na nan. Na biyu, ki nemi inda aka rubuta "operated by" a ƙarƙashin lambar jirgin. Kamfanin da aka ambata a wurin, wato wanda jirginsa da ma'aikatansa suka ɗauke ku daga Accra, shi ake bi, ba ejan ba, ba kuma lallai wanda tambarinsa ke saman tikitin ba.

Yanzu ga hujjar da za su kawo miki, don kusan tabbas za su kawo ta. Dokar ta yafe wa kamfani diyya idan abin da ya jawo jinkirin ya fi ƙarfinsa kuma ya yi duk abin da zai iya. A wasiƙarsu za ki ga kalmomin "extraordinary circumstances". Abubuwan da ke shiga nan su ne mummunan yanayi, kamar hazon hunturu da kan tsayar da jiragen Kumasi da Tamale tsakanin Disamba da Fabrairu, ko rufe sararin samaniya, ko tarzomar siyasa, ko barazanar tsaro, ko yajin aikin masu ba jirage hanya, ko tsuntsu ya faɗa injin. Lalacewar na'ura kuwa ba ta ciki. Kotun ta faɗi haka a 2008, ta sake faɗa a 2015: ɓacin kayan jirgi, ko da ba zato ya zo, yana cikin harkar yau da kullum ta mai sana'ar jirgi, kamar yadda fashewar taya take cikin harkar mai tirotiro. Abin da aka keɓe kaɗan ne, irin aibin da kamfanin ƙera jirgin ko hukuma ta sanar cewa ya shafi jiragen wannan samfuri, ko ɓarna da gangan. Haka rashin matuƙi ko ƙarewar awannin aikin ma'aikata saboda tsarin kamfani, da yajin aikin ma'aikatansa na kansa, duk ba sa wanke shi. Kuma nauyin kawo hujja a wuyansu yake, ba ke za ki tabbatar cewa na'ura ce ba, su za su tabbatar cewa abin ya fi ƙarfinsu.

Wani lokaci abin da aka faɗa da baki a bakin ƙofar shiga jirgi daban, abin da za a rubuto bayan wata biyu daban. A filin jirgi a ce na'ura, a wasiƙa a ce yanayi. Idan kina da saƙon waya ko imel da suka aiko daren nan mai ambaton gyara, ki adana shi kamar takardar fili. Idan babu, ki zauna yau ki rubuta abin da kika ji, da ƙarfe nawa aka sanar, da ko wasu jiragen sun ci gaba da tashi daga Accra a daren. Idan sun tashi, hujjar yanayi ta yi rauni. In kin karɓi lambar wani fasinja da kuka zauna tare, shaidarsa za ta yi amfani.

Abincin da kika saya haƙƙi ne na daban, kuma wannan ba ya faɗuwa ko da hadari ne ya tsayar da jirgin. A doguwar tafiya, da zarar jinkirin tashi ya kai awa huɗu, wajibi ne kamfani ya ba da abinci da abin sha gwargwadon zaman, da damar kiran waya ko aika saƙo sau biyu. Idan sai an kwana, ya ba da otal da motar kai da komowa. A gajeriyar tafiya awa biyu ne, a matsakaiciya uku. Idan bai bayar ba, fasinja ya saya da kuɗinsa ya riƙe rasit, za a mayar masa da abin da hankali zai ɗauka: shinkafa da ruwa da shayi, ba liyafa ba. Wanda bai riƙe rasit ba kuma ya biya da kati, takardar banki tana iya tsaya masa. Akwai ma abin da mutane ba su cika sani ba: idan jinkiri ya kai awa biyar, fasinja na iya cewa ya fasa tafiyar, a mayar masa da kuɗin tikitinsa cikin kwana bakwai. Wanda ya san ɗaurin auren zai wuce shi, kuma shi kaɗai ya kai shi, yana da wannan zaɓi tun a Accra.

Tambaya ɗaya muke so ki yi wa kanki da gaskiya: a daren nan a Accra, an ba ku wani kuɗi ko takarda kun sa hannu? Dokar ta ce wanda ya taso daga wajen Turai, idan an riga an ba shi diyya da kulawa a ƙasar da ya taso, ba zai sake nema a ƙarƙashinta ba. Ruwan gora ko takardar cin abinci ba diyya ba ce. Amma idan akwai wata takarda da kika sa wa hannu, ki nemo ta ki ba wanda ya iya karatun irin wannan Turanci ya duba miki kafin ki rubuta komai.

Yadda za ki nema kuwa ba shi da wuya, haƙuri yake so da tsari. Ki tara katunan shiga jirgi, na asali da waɗanda aka sake ba ku a birnin da kuka canza jirgi, da takardar tikiti, da shafin hoto na fasfo ɗin kowa, da rasit, da 'yan takardun kaya da aka liƙa a bayan kati. Ki ɗauki hotonsu tsaf. Idan katin shiga ya ɓace kada ki karaya, kotun ta yanke a 2019 cewa ba a hana mai tabbataccen bukin diyya don kawai ya rasa kati, tunda kamfanin na da sunayen waɗanda suka hau. Sannan ki shiga shafin kamfanin na intanet, ainihin nasu, ki nemi wurin ƙorafi ko neman diyya. Kada ki bi ta ofishinsu na Accra da baki kawai, ko ta waya. Maganar baka ba ta bar sawu, kuma ma'aikacin kanta ba shi ke yanke hukuncin biya ba.

Wasiƙar ta zama gajeriya, da Turanci. Sunayenku uku kamar yadda suke a fasfo, lambar bukin, lambobin jiragen biyu da kwanan wata, lokacin da ya kamata ku isa Hamburg da lokacin da kuka isa, da dalilin da aka faɗa muku. Sai ki ce kina neman Yuro 600 ga kowane fasinja a ƙarƙashin sashe na 7 na doka 261/2004, da kuɗin abinci kaza ga rasit, a biya ta banki, ba ki karɓar bauca, kuma kin ba su kwana 14. Labarin ɗaurin aure da ɓacin ranki jimla ɗaya ta ishe su. Mun san a nan ciwon yake, amma mai karanta ƙorafin lambobi yake nema, kuma doguwar wasiƙa ita ke ba shi damar amsa gefe ya bar tsakiya. Tunda Mama babba ce, ki haɗa da 'yar takarda da ta sa wa hannu ko ta dangwala yatsa cewa ta wakilta ki. Na yaron, ke kike tsaya masa a matsayin uwa. Idan kin aika za su ba ki lambar ƙorafi, ki rubuta ta a wuri biyu.

Wajen karɓar kuɗin ma akwai inda ake tuntuɓe. Fam ɗin kamfanonin Turai kan nemi lambar IBAN, bankunan Ghana kuma ba sa amfani da ita. Abin da za ki bayar shi ne lambar asusunki, da lambar SWIFT ta bankinki, da sunan reshe da adireshinsa, kuma sunan da ke asusun ya dace da na fasfo harafi da harafi. Mohammed a nan, Muhammad a can, ya isa ya sa kuɗi su koma inda suka fito. Ki tambayi bankinki tun da wuri nawa za su cire, kuma idan asusun sidi ne da wane farashi za su canza. Hanya mafi sauƙi a wurinki ita ce asusun ƙanenki na Hamburg, da takardar izini daga gare ki da Mama. Kuma ki kula: kamfanin jirgi ba ya neman a tura masa kuɗi kafin ya biya diyya, ba ya neman lambar sirrin momo ko ta kati. Akwai 'yan damfara da ke buɗe shafuka a Facebook da X da tambarin kamfanoni suna farautar masu ƙorafi, su ce a koma WhatsApp a ƙarasa. Duk wanda ya ce miki haka, ki rufe.

Amsar farko sau da yawa ƙi ce, ko a sake miƙo baucar da ɗan ƙari. Wannan ba ƙarshen magana ba ne. Ki mayar da amsa a kan lambar ƙorafin nan, ki ce su faɗi takamaiman abin da ya lalace da hujjarsa a rubuce, ki tuna musu cewa kotun Turai ta riga ta yanke cewa matsalar na'ura ba ta hana diyya. Idan wata biyu suka cika babu amsa, ko amsar ba ta gamsar ba, sai a hau sama. Kowace ƙasar Tarayyar tana da hukumar da ke sa ido kan wannan doka, kuma ga jirgin da ya taso daga Accra, hukumar ƙasar da ya fara sauka ce ke da hurumi. Sai dai ki sani, yawancinsu aikinsu hukunta kamfani ne, ba karɓo wa mutum ɗaya kuɗinsa ba. Abin da ya fi amfani a gare ki shi ne ofishin sulhu. Tunda tafiyarku a Jamus ta ƙare, akwai na Berlin wanda aka daɗe ana kira söp, kyauta ne ga fasinja, ana cike fam ɗinsa ta intanet, kuma ƙanenki zai iya bin sawu. Idan kamfanin ba ya cikin waɗanda suka yi rajista da shi, Ofishin Shari'a na Tarayyar Jamus da ke Bonn yana da nasa sashen sulhu. A nan gida kuma, ki aika kwafin ƙorafin ga Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ghana, GCAA, wadda ke da ƙa'idojin kare fasinja kuma take karɓar ƙorafi kan jiragen da suka tashi daga ƙasar nan.

Akwai kamfanonin dillalai da ke karɓar irin wannan shari'a, in ba a ci ba ba a biya. Ba 'yan damfara ba ne duka, kuma idan magana ta kai kotu suna da amfani ga wanda ke zaune Kumasi. Amma sukan cire kusan kashi ɗaya cikin uku, wasu har rabi idan an shiga kotu. A Yuro 1,800, ana maganar Yuro 600 ko fiye. Ra'ayinmu, ki fara da kanki, ki gwada sulhu, sannan su. Kuma kada ki ba dillali biyu aiki ɗaya, ko ki ba dillali ki ci gaba da rubutu da kanki, don da zarar kin sa musu hannu za su nemi kasonsu ko ta wace hanya kuɗin suka fito.

Wa'adin kai ƙara ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa: shekara biyu a Holan, uku a Jamus ana ƙirgawa daga ƙarshen shekarar da abin ya faru, biyar a Faransa, shida a Ingila. Kina da lokaci, amma a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Rubutun rasit na injin yakan goge cikin 'yan watanni, shafukan bin sawun jirage irin su Flightradar24 kuma kwanaki kaɗan suke nuna tarihin jirgi kyauta.

Saboda sauran masu karatu da ke bin wasu hanyoyi, ga yadda abin yake a taƙaice. Birtaniya ta riƙe irin wannan doka bayan ficewarta daga Tarayyar, da kuɗinta: fam 220, 350 da 520, kuma daga Accra zuwa Landan fam 520 ne, ko 260 idan jinkirin tsakanin awa uku da huɗu ne. Wanda ya tashi daga Accra zai je Kanada ko Amurka da tikiti ɗaya, ya ya da zango kawai a ƙasar Tarayyar Turai, Kotun Tarayyar Turai ta yanke a 2022 cewa dokar ba ta rufe shi, tunda farkon tafiyar da ƙarshenta duk a waje suke. Amurka ba ta da ƙayyadadden kuɗin diyyar jinkiri. Masu zuwa Dubai da Jidda da Guangzhou sarin kaya ko Umara, abin da suka fi dogara da shi shi ne Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Ghana ke ciki. Ita ba ta ba da kuɗi don an ɓata maka lokaci kawai, asarar da ka tabbatar da rasit take biya: otal ɗin da ka riga ka biya ka rasa, ko tikitin da ka sake saya. Iyakarta tun ƙarshen Disambar 2024 ita ce SDR 6,303, wani ma'auni na Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wanda ya haura Dala 8,000, kuma shekara biyu ne wa'adin ƙara. Idan kaya ne suka makara, a cike takardar rahoto kafin a bar filin jirgi, a rubuta ƙorafi cikin kwana 21 da karɓarsu. Ke ma idan akwai asarar kuɗi da jinkirin ya jawo miki, kina iya nemanta ta hanyar wannan Yarjejeniya ta Montreal, sai dai ana iya cire Yuro 600 ɗin daga ciki.

Ga mutanen Kumasi musamman: jirgin cikin gida daga filin Prempeh na Ɗaya zuwa Accra kusan kullum tikitinsa daban yake da na ƙasar waje. Idan ya makara ka rasa babban jirgi, kamfanin waje zai ɗauke ka a matsayin wanda bai zo ba, har ma ya iya soke tikitin dawowarka. A lokacin hazo gara a sauko Accra tun da safe, ko a kwana wurin 'yan'uwa a Nima ko Madina. Haka idan taro ne mai ƙayyadadden lokaci irin ɗaurin aure, a bar kwana ɗaya cur a tsakani.

Maganar kawu kuma, mu ba za mu ce ya yi kuskure ba. Ƙaddara gaskiya ce, kuma rashin halartar ɗaurin auren an riga an rubuta, babu kuɗin da zai dawo da shi. Amma ke 'yar kasuwa ce, kin san idan kika ba da kaya a Kejetia aka saɓa alkawari, yarda da ƙaddara ba ta hana ki bin kuɗinki cikin mutunci. Kamfanin da ya sayar muku da tikiti ya san da wannan doka tun kafin ya karɓi kuɗinku, da sharaɗinta yake aiki. Kuma ba naki ne ke kaɗai ba, akwai kason Mama da na yaro, waɗanda ba ki da ikon yafewa a madadinsu haka kawai. Idan zuciyarki na da shakka kan halascinsa, ki je wurin malaminku ki bayyana masa yadda abin yake: diyya ce da hukuma ta ƙayyade kan saɓa lokaci, ba ruwan bashi ba ce. Ki yi wa kawu wannan bayanin cikin ladabi, sannan ki kira ejan ki ce ya turo miki cikakkiyar takardar tikitin mai lambar bukin da lambobin tikiti masu lamba 13, ki kuma tabbatar imel da lambar wayar da ke cikin bukin ɗin naki ne, ba nasa ba, don amsar kamfanin ta zo hannunki kai tsaye.